Kes rifot ɗin saran kububuwa: BMJ, PAMJ, Cureus ko mujallar gida?

Ranar wata Laraba muna kol, wato aikin kwana a asibiti, wajen ƙarfe ɗaya saura na dare, wani ƙaramin rejistara namu, wato likita mai koyon ƙwarewa, ya same ni a ɗakin hutawa riƙe da laftof, cajinta saura kashi tara, ya ce Cif na gama rubuta kes ɗin nan na mai saran maciji, ina zan tura? Na ce ka gama rubutawa ba ka san inda za ka kai ba? Ya ce ai shi a zatonsa sai an gama ɗinki ake neman mai saye. Na ce a'a, wannan ɗinkin na awo ne, sai ka san wuyan mai riga kafin ka sa almakashi, don kowace mujalla da yawan kalmomin da take karɓa, da yawan hotuna, da yawan sunayen da za ta yarda a jera a sama, kai har da irin fom ɗin da mara lafiya zai sa wa hannu. Hirar da muka yi daren nan ita ce na ce bari na rubuta, tunda kusan duk wata sai wani ya yi min wannan tambayar a WhatsApp, ta inda za a kai kes rifot, wato rubutaccen labarin ciwon mara lafiya da ake bugawa a mujallar likitoci.

Ga kes ɗin a taƙaice. Manomi ne, magidanci, kububuwa ta sare shi a ƙafa yana girbi. Aka yi na gida tukuna kamar yadda aka saba, ɗauri da tsaga da jiƙe-jiƙe, sai a rana ta biyar aka kawo shi, lokacin magana ta fara sarƙewa, hannu da ƙafar dama sun saki, dasashi na tsiyayar jini. ƴan'uwansa suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ba su ma ambaci maciji ba sai da nas ta yaye zanen da aka rufa masa ta ga ƙafar a kumbure har gwiwa. Aka ɗibi jini aka zuba a busasshiyar kwalba aka ajiye minti 20, aka karkata, yana nan tsululu kamar zoɓo. Hoton kai ya nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Aka ba shi maganin dafi, jini ya dawo yana daskarewa, bayan kwana biyu ya sake tsinkewa, aka ƙara masa, daga ƙarshe dai mutumin nan da ƙafarsa ya fita yana ɗan jan ta. Darasin da yaron yake so ya fitar mai kyau ne: ko an yi kwanaki da sara, muddin jini bai daskare ba maganin dafi yana da aiki, kuma kar a yi saurin sallama don jinin na iya sake tsinkewa.

Tambayar farko da na yi masa ita ce wa kake so ya karanta wannan. Ba wasa nake ba, don a nan zaɓin yake rabuwa. Likitan da ke Kaltungo, inda asibitin saran maciji yake a jihar Gombe, in ka ce masa jini ya ƙi daskarewa bayan saran kububuwa sai ya ce to sai me, ai kullum ne. Likitan Landan kuwa wataƙila har ya yi ritaya bai taɓa gani ba. Shi kuma wanda ke babban asibitin ƙaramar hukuma shi kaɗai da nas biyu, shi ne wanda darasin zai ceci mara lafiyarsa gobe, amma shi ne kuma ba shi da kuɗin buɗe takardar da aka kulle. Kaga abin da yake sabo a wata mujalla tsohon labari ne a wata, kuma mujallar da ta fi suna ba lalle ita ce mai kai wa ga mutumin da kake nufi ba. Sai tambaya ta biyu, me kake so takardar ta yi maka, furomoshin ne, ko neman aiki a waje, ko dai ka fara koyon rubutu. Ta uku kuma, wadda kowa ke jin kunyarta, nawa ne a aljihunka.

Kafin na wuce, masu raina kes rifot su yi haƙuri. Zazzaɓin Lassa da muke fama da shi duk rani, daga labarin ƴan tsirarun marasa lafiya duniya ta san shi, nas-nas na mishan da suka kamu a garin Lassa na Borno da kuma Jos a 1969, John Frame da abokan aikinsa suka rubuta a American Journal of Tropical Medicine and Hygiene a 1970. Haka ƙanjamau, rahoton mutum biyar ne a Los Anjalas a watan Yunin 1981. Matsalar kawai ita ce manyan mujallu ba sa son kes rifot saboda ba a cika ambatonsa a wasu takardu ba, yana ja musu maki baya, shi ya sa aka buɗe mujallu na musamman dominsa. New England Journal of Medicine da Lancet suna da ɗan gurbi na hoto da gajeren bayani, in kana da hoton da zai sa mutum ya ajiye cokali to gwada, ba a biyan kuɗin gwadawa, amma kar ka ɗora rai.

Yaron nan BMJ Case Reports ce a ransa, kuma ban ga laifinsa ba, sunan yana da nauyi a takardar neman aiki musamman ga mai shirin tafiya Ingila. Tun 2008 take, tana MEDLINE, wato jerin tantantattun mujallun lafiya da ake samu a shafin binciken takardu na PubMed, kuma tsarinta ya bambanta da na saura ta wajen kuɗi. Ba kuɗin takarda kake biya ba, kuɗin zama mamba na shekara kake biya, kai ko jami'arka, daga nan ka tura kes nawa ka ga dama cikin wata goma sha biyu. Ga mutumin da ke da kes uku ko huɗu a ajiye wannan ciniki ne mai kyau, kuma mutum ɗaya ne kawai cikin marubutan ake buƙatar ya zama mamba, wanda zai tura. Amma ka lura da tarkon, kafin ka tura kake biya, ba bayan an karɓa ba, in suka ce ba sa so kuɗinka ya tafi. Wanda ke da kes ɗaya tak ya yi caca kenan. Na biyu sunaye huɗu kawai suke yarda da su, kuma kai ka san yadda muke a nan, konsoltan ɗin da ya zagaya sau ɗaya yana jiran sunansa, mai hoto yana jira, shugaban sashe yana jira, wani lokacin wannan dokar ma rahama ce don sai ka ce ranka ya daɗe ba ni ba ne, dokarsu ce. Na uku, kuma shi ne ya fi damuna a wannan kes ɗin, takardar a kulle take fitowa sai wanda ya yi rajista zai karanta cikakkiya, in kana so a buɗe ta ga kowa sai ka ƙara wani kuɗin daban. To wancan likitan na ƙauye kanun kawai zai gani.

Abin da nake yaba musu shi ne suna da fom na rubutu da za ka sauke ka cike gurbi-gurbi, ga inda za ka sa darussa uku zuwa biyar, ga inda mara lafiya zai faɗi yadda shi ya ji abin. Ga mai koyo wannan makaranta ce. Kuma ba sai cuta ta zama wadda ba a taɓa gani ba, suna karɓar kes mai tunatar da darasi, da wanda aka yi kuskure aka koya, har suna da ɓangaren lafiyar duniya inda talauci da nisan asibiti da zuwa wajen mai maganin gargajiya su ne ainihin labarin. Kes ɗin kububuwa zai zauna a wannan ɓangaren daram.

Sai rukunin da za ka biya bayan an karɓa, a buɗe wa kowa kyauta. Journal of Medical Case Reports ta kamfanin BMC ita ce babbar yaya a nan, tun 2007, tana MEDLINE, kuma tana da tsauri a kan ƙa'idar CARE, wato jerin abubuwa 13 da aka fitar a 2013 waɗanda ake so kowane kes rifot ya ƙunsa, daga kanu har jadawalin kwanaki har yardar mara lafiya. Akwai Clinical Case Reports ta Wiley, akwai SAGE Open Medical Case Reports, akwai Oxford Medical Case Reports. ƴan tiyata kuma suna da International Journal of Surgery Case Reports, su ƙa'idar SCARE suke bi, irin CARE ce amma ta tiyata, kuma sai ka ambace ta a cikin takardar, da Journal of Surgical Case Reports ta Okisfod mai son gajeren rubutu. Duk wanda ya buga a nan kowa zai iya karantawa daga wayarsa, wannan kam babu ja. Amma kuɗin fa. Journal of Medical Case Reports ta haura dala dubu, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haye 1,500 a farkon 2024, to yi lissafi, dala dubu a wancan farashin naira miliyan ɗaya da rabi kenan a kan labarin mutum ɗaya, rejistara zai haɗa albashin wata nawa? Ga kuma wahalar biyan kanta, a shekarun baya da katin naira ya daina aiki a waje sai ka nemo ɗan ajinku da ke Saudiyya ko Ingila ya biya maka kai kuma ka tura wa mahaifiyarsa naira.

Akwai yafiya, amma sai ka san yadda take. Yawancin manyan kamfanonin nan da jerin Bankin Duniya suke aiki ko na Research4Life, shirin da ke sauƙaƙa wa ƙasashe marasa ƙarfi samun mujallu. Nijar tana cikin ƙasashe masu ƙaramin samu, don haka abokin aikinmu na Maraɗi ko Damagaram in shi ne marubucin da ake tuntuɓa sau da yawa a kan yafe masa duka. Najeriya kuwa an sa ta a matakin da ke sama da wannan, a takarda mu masu ɗan hali ne, don haka yafiyar ba ta zuwa da kanta, sai ka roƙa. Kuma lokacin turawa ake roƙo, ba bayan an karɓa ba, wannan kuskuren na ga mutum biyu sun yi shi, takarda ta samu shiga ana murna sai ga rasit, a rubuta a ce ba mu da shi su ce ai da kun faɗa tun farko. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa, ba mu da tallafin bincike, ga albashinmu in an juya shi dala, shikenan. Ba abin kunya ba ne wlh.

Cureus ita ce ƴan baya suka fi rububi. John Adler, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Stanford, yana cikin waɗanda suka kafa ta, Springer Nature ta saye ta a ƙarshen 2022. Abin da ke jan mutane biyu ne, sauri da kuma cewa kyauta ce in rubutunka ya zo a tsabtace. Sai dai wannan in ɗin babba ne, in suka ga kurakuran Turanci ko na tsarin nassoshi sun yi yawa sai su ce sai ka biya kuɗin gyara kafin a ci gaba, kuma mu da Turanci ba harshen uwa ba ne mun fi faɗawa wannan ramin. Tana PubMed Central, ma'ajiyar takardun da ake karantawa kyauta, don haka takardarka za ta fito in an bincika PubMed, amma ba ta MEDLINE, kuma a 2024 Web of Science, wani babban jerin tantance mujallu, ta dakatar da shigar da sababbin takardunta don tana duba ingancinsu. Ni ra'ayina, in kai ɗalibi ne ko hawus ofisa, wato sabon likita, kana so ka ga sunanka a PubMed kafin wata intabiyu da ke tafe, Cureus za ta yi maka. In kuwa takardar za ta shiga fayil ɗin furomoshin da wani tsohon farfesa zai duba da jan biro, to ka fara tambaya ko kwamitinku na ƙirga ta, don wasu suna yatsina fuska.

Darasin da ke nan shi ne sunan babban kamfani ba ya wanke mujalla har abada. Hindawi, wadda aka kafa a Alƙahira, a da tana da jerin mujallun kes rifot na kusan kowane fanni, mutanenmu da yawa sun buga a ciki. Wiley ta saye ta a 2021, sai ga badaƙalar takardun bogi, a 2023 kaɗai aka janye sama da 8,000, daga baya Wiley ta ajiye sunan Hindawi gaba ɗaya. Wanda ya buga kes ɗinsa na gaskiya a can bai yi laifin komai ba, amma ƙurar ta taɓa shi.

Yanzu bari na zo inda zuciyata ta fi karkata. Pan African Medical Journal, wadda kowa ke ce wa PAMJ, likitoci biyu ƴan Kamaru ne suka kafa ta a 2008, Raoul Kamadjeu da Landry Tsague. Tana PubMed, a buɗe take ga kowa, kuɗinta ko kusa bai kai na Turai ba, kuma tana karɓar Turanci da Faransanci, wanda ga ƴan'uwanmu na Nijar da Chadi da arewacin Kamaru ba ƙaramin abu ba ne, mutum ya yi karatun likita da Faransanci a Yamai sannan a ce sai ya biya mai fassara kafin ya ba da labarin mara lafiyarsa. Babban abin da ya fi min shi ne masu karanta ta su ne masu ganin irin marasa lafiyarmu. Mai bitar takardarka ba zai tambaye ka don me ba ka auna kaza da kaza ba alhali ya san a yawancin asibitocinmu kwalba da agogo ne gwajin. Inda take da rauni, ana tura mata takardu kamar ruwan sama don haka jira na iya tsawo, kuma suna da tsarin rubutu nasu da in ba ka bi shi sak ba za a dawo maka da ita tun kafin edita ya gani. Sannan suna da ƙanne, PAMJ Clinical Medicine da PAMJ One Health, kowacce mujalla ce mai zaman kanta, don haka in an ce za a mayar da takardarka can to ka duba inda ita waccan take a jere da kanta, kar ka ɗauka gadon babbar ta ci. Masu Faransanci suna da wata ƙofar ma, Médecine Tropicale et Santé Internationale, ba a biya a buga ba a biya a karanta, kuma cututtukan ƙasashe masu zafi ne aikinta.

Sai na gida. Mutane suna cewa lokal jonal da wata irin murya kamar abin kunya, alhali Annals of African Medicine da ke fitowa daga Sakkwato tana MEDLINE, haka Nigerian Journal of Clinical Practice ta ƙungiyar konsoltan, da Nigerian Postgraduate Medical Journal ta kwalejin ƙasa, da West African Journal of Medicine ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Wato ta fuskar jeri wasunsu sun fi Cureus matsayi, amma sai ka ga yaro ya tsallake su don sunan bai yi kama da na waje ba. Akwai kuma Sahel Medical Journal, da Nigerian Journal of Basic and Clinical Sciences ta Kano, da Borno Medical Journal, waɗanda kwamitocin jami'o'inmu sun san su sarai. Da naira ake biyan da yawansu, wannan kaɗai ya isa dalili. Kuma yawancin jami'o'i suna so su ga cakuɗe a fayil ɗinka, na gida da na waje, ga shi kes rifot makinsa bai kai na cikakken bincike ba, to ina dalilin zuba miliyan a kan abin da makinsa kaɗan ne? Ka ajiye dalarka ga babban aikin.

Aibinsu jira ne da shiru. Wata mujallar gida, ba cikin waɗanda na lissafa ba, ta taɓa riƙe min takarda wata goma sha huɗu, imel uku ba amsa, sai da na haɗu da wani da ya san editan a wajen taro sannan aka gano mai bitar ya bar ƙasar. Kuma ba halin ka tura wani wuri alhali tana hannunsu, tura takarda ɗaya wuri biyu lokaci guda laifi ne babba a wannan harka, sai ka rubuta ka janye an amsa maka tukuna. Dabarar da na koya daga nan, kafin ka tura ko'ina buɗe kes rifot uku na ƙarshe da suka buga, yawanci ana rubuta ranar da aka karɓi takarda da ranar da aka amince, ka ƙirga watannin da kanka. In ma ka duba fitowa biyu uku ba ka ga kes rifot ko ɗaya ba to sun daina so ne ko da shafinsu bai faɗa ba.

Akwai rukunin da yaron bai ma yi tunaninsa ba, mujallun fanni. Saran maciji tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, don haka American Journal of Tropical Medicine and Hygiene da Tropical Doctor da Toxicon duk gidansa ne. A nan masu bitar sun san kububuwa fiye da kai, za su tambaye ka wane maganin dafi, kwalba nawa, ƙarfe nawa, an kawo macijin ko dai daga alamu kuka gane, in fayil ɗinka ba shi da waɗannan to kar ka je. Amma in ka shiga, takarda ɗaya a mujallar fanninka ta fi uku a mujallar kowa-da-kowa, don mutanen da za su gayyace ka aiki tare nan suke karatu. Haka abin yake ga kowane fanni, likitan tiyatar yara ya fara leƙa African Journal of Paediatric Surgery kafin ya tafi nesa.

Duk wadda ka zaɓa, akwai binciken minti biyar da ba na yafe wa kowa, saboda ni an taɓa cin kuɗina. Ina sabon rejistara imel ya shigo, Dear Esteemed Professor, ni da ko jarrabawar ƙwarewa ta Part One ban ci ba, suna yabon wata takarda da sunana ke na biyar a ciki, suka ce za su buga cikin kwana bakwai. Na tura, kwana huɗu aka ce an karɓa ba gyaran ko waƙafi, na yi ta murna na biya dala 150 na aro. Shafinsu ɗauke da tambarin PubMed da wani maki da suka ƙirƙira. Ranar da na kai wa malamina ya buɗe kwamfuta ya rubuta sunan mujallar a NLM Catalog, kundin mujallu na laburaren likitanci na Amurka, babu ita, ya juyo ya dube ni ta saman tabarau ya ce kes ɗin kuma ya mutu, don ba mai sake karɓar abin da aka riga aka buga. Wannan ya fi kuɗin ciwo. Irin waɗannan ba ƙananan ɓarayi ba ne, a 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS biyan sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

To ga yadda ake yi. Kar ka yarda da tambarin da ke shafin mujalla, kowa na iya liƙa hoto. Je NLM Catalog ka sa sunanta ko lambar ISSN, ka karanta ko an ce tana MEDLINE a halin yanzu, ko PubMed Central kawai, ko kuma ƴan takardu ne ɗaiɗaiku suka shiga saboda masu tallafin binciken sun ajiye su. Ukun nan ba ɗaya ba ne duk da cewa duka a PubMed suke bayyana, MEDLINE ita ce mai kwamitin tantancewa mafi tsauri. In sun ce suna Scopus, wani jerin mujallu ne shi ma, je jerin Scopus ɗin, a nan za ka ga har waɗanda aka cire. In a buɗe take duba DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallu, in ta Afirka ce duba AJOL, shafin mujallun Afirka. Google Scholar ba shaida ba ce, komai yana kwasa. Kuma ka kula da sunaye masu kama da juna, ɓarayin suna canza kalma ɗaya ne ko su juya jerin kalmomin sanannar mujalla.

Abin da ya kusa kashe mana wannan kes ɗin ba kuɗi ba ne, takardar yarda ce. Duk mujallar kirki sai ta ga rubutacciyar yardar mara lafiya cewa a buga labarinsa, ba yardar magani ko ta tiyata da ke fayil ba, wannan daban ce, BMJ ma nata fom ɗin take so ba na asibitinku ba. Mutumin ya koma ƙauye wata biyu da suka wuce, lambar da ke fayil ta wani mai shagon caji ce a kasuwar garinsu. Sai da yaron ya kira sau shida, aka ce a bari sai ranar kasuwa, ranar kasuwa aka samu ƙanensa, aka yi sa'a zai dawo a duba ƙafar. Da ya zo muka zaunar da shi, na karanta masa fom ɗin ina juya shi da Hausa layi-layi, na ce Baba, labarin ciwonka za mu rubuta likitocin duniya su karanta, ba za a sa sunanka ko garinku ba, amma duk da haka wani zai iya gane ka, kuma in ya hau intanet ba ya gogewa, in ka ce a'a ba abin da zai canza a maganinka. Ya yi shiru, sannan ya ce Likita in zai hana a yi wa wani jinkirin da aka yi min ku rubuta, amma ban da fuskata. Ya dangwala, ƙanensa da nas suka sa hannu a matsayin shaidu. Daman ba ma buƙatar fuskar, kuma ku daina dogara da baƙin layin nan da ake ja a kan ido, ba ya ɓoye kowa, balle mutumin da ke da zane a kumatu wanda duk ɗan yankinsu zai faɗi gidansu. Hoton kan ma sai da muka yanke gefen da sunansa da na asibiti suke. Tun daga lokacin na ce wa yaranmu duk kes ɗin da ya ba ku mamaki ku karɓi yarda kafin sallama, ko da ba ku tabbatar za ku rubuta ba.

Daga ƙarshe ga yadda muka jera. Shi ba tafiya waje zai yi bana ba, kes ɗaya gare shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma yana so na ƙauye ya karanta, don haka BMJ ta fita duk da son da yake mata, Journal of Medical Case Reports ma ta fita sai in an yafe. Fayil ɗin ya yi kyau, nas ɗin nan ta rubuta lokacin kowane gwajin kwalba da kowane maganin dafi, Allah ya saka mata, don haka na ce ya fara gwada mujallar fanni, in sun ƙi ai ya samu gyaran ƙwararru kyauta, daga nan PAMJ, daga nan Annals of African Medicine. Da likitan tiyata ne mai kes huɗu da niyyar Ingila da BMJ zan ce masa, da kuma daga Damagaram yake da na ce ya rubuta da Faransancinsa ya kai PAMJ ko ya nemi yafiyar BMC. Ya rage rubutun daga kalma dubu biyu da ɗari shida zuwa abin da mujallar farko ta ƙayyade, ya cire sunaye biyu bayan an sha ƴar rigima, ya tura ranar Litinin. Jiya ya nuna min wayarsa, an rubuta takardar tana hannun masu bita, ya ce Cif sau nawa ya kamata na riƙa dubawa, na ce sau ɗaya a mako, ya ce yau kaɗai ya duba sau huɗu.